Bashin da ke Wuyan Mai Bincike

'Yan'uwa, akwai wani baƙo da yawancinmu muka sani, ko da yake ba mu riƙe sunansa ba. Yakan zo da rani, bayan an gama kai amfanin gona gida, sa'ad da hanya ta bushe har mota ko babur na iya shiga ƙauye. Yakan fara da gaisuwa a ƙofar dagaci, a haɗa shi da yaro ya zaga da shi gida gida. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa, shi kuwa ya buɗe jaka ya fito da takardu. 'Ya'ya nawa ne a gidan nan? Nawa ke zuwa makaranta? Wadda ta daina, a aji nawa ta tsaya, kuma don me? Dami nawa na dawa aka samu bana, a wane wata rumbu yakan ƙare? Mu amsa, ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. Bayan shekaru sai mu ji an ce ya zama Dakta, daga baya kuma Farfesa. Makarantar da ya zo ya ƙirga tagoginta kuwa tana nan yadda ya bar ta, sai dai abin da iska ta ƙara yayewa na kwanon rufi.

Mu da ke zaune a Yalwa da ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya muna da dalilin tsayawa a kan wannan al'amari. Kakanni sun raɗa wa garin suna na wadata, ga shi kuwa mai neman labarin rashi ba zai koma hannu wofi ba in ya zo. Tambayarmu ita ce: shin halal ne mutum ya gina aikinsa na rayuwa, da albashinsa, da girmansa, a kan nazarin talaucin waɗansu da rashin karatun 'ya'yansu? In kuwa halal ne, me ke wuyansa? Ba don baƙi kaɗai muke tambaya ba. 'Ya'yanmu da muka sayar da awaki muka tura Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da kwalejojin horon malamai, da yawansu irin wannan batu suke zaɓa in lokacin rubuta kundin kammala karatu ya yi, waɗansu kuma za su mai da shi sana'a har tsufa.

Bari mu fara da ƙarar da ake kai wa mai bincike, mu faɗe ta da nauyinta. Hausawa sun ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sha yunwar ba shi ne ya sami digiri a kanta ba. Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Abin da mutumin kirki yake roƙon Allah kowace safiya shi ne rufin asiri. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun watan Yuni yakan wanke rigarsa ranar kasuwa, ya fita yana gaisawa da mutane kamar kowa. Matarsa takan ɗora tukunya a murhu ko da abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, domin maƙwabta su ga hayaƙi. Wannan sutura ita ce dukiyar ƙarshe ta wanda ba shi da wata, kuma ita ce takardar tambayoyi take nema ya kwance a gaban baƙo. Mun san misalin da Annabi Natan ya ba Sarki Dawuda, na mawadacin da ya yi baƙo, ya bar garkensa, ya kama 'yar tunkiya guda ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka. Mai binciken da ya karɓi asirin magidanci, ya kai shi taron masana a Ingila ko Amurka ya sha tafi, ya kamata wannan misali ya hana shi barci ko da dare ɗaya ne.

Ga wani labari na gaske daga nahiyarmu. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa mai suna Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta. Asalin Baba daga Karo ne, wani ƙauye a kan iyakar Kano da Zazzau. Ta ba da labarin bauta, da harin masu kama mutane, da zuwan Turawa, da aure da kishi da rashin haihuwa. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Baba kuwa ta rasu a 1951. Ba ta taɓa riƙe shi a hannu ba, da ma ta riƙe, ba ta yi karatun da za ta gane abin da ke ciki ba. Wani zai ce an ci da guminta. Amma mu tambayi kanmu, cikin dubban tsofaffin mata na zamaninta, muryar wa ta rage mana yau in ba tata ba? Kakanninmu mata sun tafi da nasu labarin cikin ƙasa, gama ba wanda ya zauna ya tambaye su.

A nan ne ƙarar ta fara rauni. Rashin tambaya ma yana da nasa zalunci, kuma talaka ne yake biyan kuɗinsa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Masu tsara shirin sun yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga yara wajen miliyan 3 sun bayyana. Dattawanmu sun ga abin da ya biyo baya da idonsu: azuzuwa a gindin itace, da malaman da aka yi wa horon gaggawa aka tura ƙauyuka tun su kansu ba su nuna ba. Niyya mai kyau ce, ƙidaya ce ta gaza.

Wadda ta fi kowa nuna amfanin tambaya mai kyau a ƙasar Hausa ita ce Polly Hill, wata masaniya daga Ingila, wadda aka haifa a 1914 ta rasu a 2005. Ta riga ta haura shekara hamsin sa'ad da ta zo ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967, daga baya kuma ta yi aiki a Dorayi, bayan ganuwar Kano, a 1971 da 1972. Littattafanta biyu a kan waɗannan wurare sun fito a 1972 da 1977. A zamanin nan ma'aikatan gwamnati da masana tattalin arziki suna ɗaukar manoman ƙauye kamar haƙoran matsefi, kowa daidai da kowa. Ganinsu shi ne inda akwai ƙasar noma ba za a sami matalauci na ainihi ba, sai rago. Ita kuwa ta bi gona gona, ta zauna da mutanen gari waɗanda suka san halin kowane gida, ta tarar da tazara mai faɗi tsakanin magidanta da ke sallama da juna kullum. Akwai mai hatsin da zai kai shi wata kaka har ya sayar da saura, akwai kuma wanda talauci ya kai shi inda ba ya iya noma gonarsa ta kansa.

Yadda ta bayyana wannan tarko ya cancanci mu tsaya a kansa, gama mun san shi a jikinmu ko da ba mu taɓa jera shi ba. Matalauci yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, domin bashi da buƙatun da ba sa jira. Da damina ta kama rumbu ya ƙare, sai ya sayi hatsin nan da tsada. Kuɗin saye kuwa ba ya samuwa sai ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar take neman noman farko. Ciyawa ta cinye shukarsa, ba shi da dabbobin da za su ba shi taki, amfanin bana ya kasa na bara. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa, ɗansa kuma ya tashi ba gandun da zai gada. Ba wanda ya ji wannan bayani zai sake kiran mutumin nan rago da sauƙin baki. In binciken bai ƙara wa mutanen Batagarawa ko mudu ɗaya ba, ya wanke su daga wani ƙazafi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

A Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, David Norman da abokan aikinsa sun yi makamancin haka a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi na ƙasar Zazzau a 1966 da 1967, suna komawa gidaje a kai a kai shekara guda cur. A lokacin malaman gona suna matsa wa manoma su daina haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, suna ganin abin duhun kai ne. Lissafi ya nuna manomi ne ke da gaskiya: haɗin ya fi tsare shi daga asarar shekara, ya kuma fi biyan wahalarsa a lokacin da hannu ya yi ƙaranci. Lokacin nan shi ne Yuni da Yuli, watannin noma. To, ga inda maganar ta taɓa makaranta. Watannin nan biyu suna cikin zangon karatu na uku, lokacin jarrabawar wucewa aji. Gidan da ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan ƙwadago ba shi da ma'aikaci sai yaronsa. Malamin da ya ga kujeru wofi a watan Yuli ya ce iyaye ba su san darajar ilmi ba, bai duba kalandar gona ba.

Kusa da mu ƙwarai, an gama Madatsar Tiga a 1974, aka tashi ƙauyuka domin ruwa, aka shimfiɗa aikin noman rani a Kadawa. Rahotannin hukuma suna ƙirga kadada da tan na alkama. Sai da masu bincike irin su Tina Wallace, daga Jami'ar Ahmadu Bello, suka zauna cikin manoman, sa'an nan aka rubuta cewa ƙananan manoma da yawa ba su da jarin taki da hayar tarakta, har suna ba masu kuɗi hayar filayensu. A cikin birnin Kano kuma, a shekarun 1970, Enid Schildkrout daga Amurka ta bi 'yan mata masu talla, ta nuna cewa yarinyar nan ita ce ƙafa da hannun uwarta da ke cikin kulle, kuma daga ribar tallan ake tara kayan ɗakinta. Sa ta a makaranta, ko da kyauta ce, yana rufe sana'ar gida guda. A gidajenmu da yawa mata suna shiga gona, saboda haka nauyin yakan zo da wata kama, watau raino da ɗiban ruwa da itace, amma lissafin ɗaya ne. Makarantar da ba a biya ko kwabo tana da farashi, uwa ce kuma take sanin adadinsa.

Saboda haka hukuncinmu a kan rabin farko na tambayar shi ne, aikin halal ne, har ma ƙasa ba ta iya yi ba tare da shi ba. Paparoma Bulus na Shida, a wasiƙarsa ta 1967 a kan ci gaban al'ummai, ya jera rashin karatu tare da yunwa cikin abubuwan da ke ƙasƙantar da ɗan adam. Likita yana cin abinci daga cuta, lauya daga rigima, ba mu ce sun yi haram ba. Sai dai likita yakan gaya wa majiyyaci abin da ya gani a jikinsa. A nan mai bincike ya fi yawan faɗuwa. Kusan duk binciken da muka ambata a sama an rubuta shi da Turanci, an buga yawancinsa a ƙasashen waje, da farashin da malamin firamare ba zai taɓa ba. Kundayen 'ya'yanmu kuma suna jere a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya da ɗakunan ajiya na sassan jami'o'i, ƙura tana hawa kansu. Ba mugunta ce ta kawo haka ba. Jami'a tana ƙara wa malami girma bisa ga yawan maƙalun da ya buga a mujallun masana, ba kuwa wanda aka taɓa ba kujerar Farfesa domin ya koma gindin tsamiya ya yi wa iyayen yara bayani da Hausa. Tsarin ne ya karkata, mutum kuwa yakan bi inda ruwa ya gangara. Amma karkatar tsari ba ta goge bashi.

Akwai wadda ta gwada wata hanya, a nan kudancin Jihar Kano. Hannah Hoechner, 'yar ƙasar Jamus, ta yi bincikenta na digirin Jami'ar Oxford a kan almajirai tsakanin 2009 da 2011, a cikin birnin Kano da kuma Albasu. Littafinta ya fito a 2018. Ta nuna cewa iyayen da ke tura 'ya'yansu almajirci ba duka ne suke ƙin boko ba. Da yawa sun auna ne, sun ga makarantar gwamnati da ke kusa da su ba ta koyar da abin kirki, ta gaba da ita tana neman kuɗin da ba su da shi, ga bakuna da yawa a gida da rani. Abin da ya bambanta aikinta shi ne, a 2011 ta taimaki waɗansu almajirai tara, da goyon bayan Cibiyar Goethe, suka yi fim da Hausa mai suna Duniya Juyi Juyi. Su suka tsara labarin, su suka fito a ciki, su suka riƙe kyamara. Yaran da aka saba kora daga ƙofar gida suka ga ana kallon aikin hannunsu.

Kada wani ya ce me ya haɗa mu da almajirai. Maƙwabtanmu ne, rumbu ɗaya ne yake ƙarewa a gidajensu da namu, makarantar da ta gaza musu ita ce ta gaza mana. Darasin da ke cikin aikin nan kuma namu ne duka. Ita kanta mai binciken ta rubuta daga baya cewa abin bai zo da sauƙi ba, gama yaran sun fi son a nuna tarbiyyarsu da ƙwazonsu da mutuncinsu fiye da a nuna rashinsu. Ga rufin asiri ya sake dawowa. In aka ba matalauci alƙalami, sau da yawa abin da zai fara rubutawa shi ne cewa shi mutum ne mai daraja, yunwar kuwa zai tura ta bayan ɗaki. Yana da gaskiya. Amma in aka ɓoye yunwar sarai, wa zai tilasta wa hukuma ta dube ta? Wannan ƙulli ne mai wuyar kwancewa, ba kuwa za mu yi kamar mun kwance shi duka ba.

Iyakar abin da muke iya gani shi ne, asirin mutum ɗaya daban yake da halin da gari yake ciki. Mai bincike ba shi da izinin tona na farko, wajibi ne kuwa ya bayyana na biyu ba ragi. Ya sakaya suna, ya sakaya gida, kada ya ɗauki hoton yaro mai tsumma domin ya ƙawata bangon littafinsa. Amma in yara sittin ke cikin rajista, goma sha biyar ke cikin aji, ya rubuta haka, ko da dagaci zai ɓata rai, ko da sakataren ilmi abokin karatunsa ne. Akwai kuma wata jaraba ta ɗaya gefen, wadda ba a cika ambata ba, watau ƙara gishiri. Masu ba da kuɗin bincike sun fi saurin buɗe jaka in labari ya yi muni, saboda haka mutum yakan bar gidajen da suka yi ƙoƙari suka kai 'ya mace har sakandare, ya tattara na baƙin ciki kaɗai. Wannan ma cin amana ne, domin yana koya wa duniya cewa babu abin ginawa a kai a wurinmu.

Waɗansu suna tsammani za a biya bashin da kuɗi ko da alkawari. Mun sha jin baƙo yana cewa in an amsa masa da kyau gwamnati za ta kawo rijiyar burtsatse, alhali ya san ba shi da ikon kawo ko guga. Gara ya faɗi gaskiya tun a zaure, cewa karatu yake yi, zai sami takardar shaida, ba kuma tabbas gari ya ga wani canji. Mutanenmu suna iya ɗaukar gaskiya, abin da ke kashe musu zuciya shi ne jira. Inda kuɗi ya wajaba shi ne wajen tafinta da ɗan rakiya. Sau da yawa malamin makaranta ne ko wani saurayi mai takardar sakandare ya buɗe wa baƙo kowace ƙofa, ya gyara masa tambayoyin da za su zama zagi, ya fassara masa har abin da shiru yake nufi. Rabin ilmin da ke cikin littafin nasa ne. A biya shi hakkinsa, a kuma rubuta sunansa in ya yarda.

Gaskiya ne mai bincike ba gwamnati ba ne, ba za a kama shi da laifin ajin da ba a gina ba. Gaskiya ne kuma alƙaluma sukan isa kunnen masu mulki. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya auna talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilmi da muhalli, ya ce mutane miliyan 133, watau kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikinsa, kashi 72 a ƙauyuka, kashi 42 a birane. A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi. Amma hanya daga Abuja zuwa ajin da ke Yalwa doguwa ce, kaya da yawa sukan zube a kanta. Hanyar da ta fi gajarta ita ce wadda mai binciken ya bi ya shigo. Ya sake bin ta, ya zo da shafi biyu ko uku da Hausa, ya karanta a gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, maza da mata, ya tsaya a yi masa gyara inda ya fahimta a karkace. Takarda irin wannan a hannun iyaye makami ce sa'ad da suka je ofishin ƙaramar hukuma neman malami. Kuɗin mota ne kawai da yini guda, kuma ba kowa ne yake yi ba.

Yanzu sai mu juyo kan kanmu, gama ba adalci ba ne mu ɗora dukan kaya a kan baƙo. Mu ma mukan yi masa ƙarya. In mun zaci taimako yake rabawa, sai a kora awaki bayan gida, a ƙara yawan marayu. In mun zaci daga hukuma yake, sai yaran da ke kiwo su zama 'yan aji huɗu nan take. Wannan hali yana da tarihi: shekaru da yawa duk wanda ya zo da littafi yana ƙirga kawuna, haraji da jangali yake nema, har gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su bayan ta hau mulki a 1979. Tsoron ya fi harajin daɗewa. Amma ƙaryar da aka yi a zaure takan zama lamba a rahoto, lambar ta zama kasafi, kasafin ya dawo ya same mu. Garin da ya ce dukan 'ya'yansa suna makaranta ya sa hannu a kan cewa ba ya bukatar kome. Muna da ikon mu ce wa baƙo wannan tambaya ba za mu amsa ba. Wannan ya fi mu ba shi amsar da muka san ba haka take ba.

Sa'an nan ga 'ya'yanmu masu rubuta kundi. Abin kunya ne, amma kowa ya sani, akwai ɗaliban da ke zama a ɗakin kwanansu su cika takardun tambayoyi ɗari da hannunsu, suna canza biro domin kada a gane, sa'an nan su rubuta cewa jahilcin iyaye da auren wuri ne suka hana yara karatu, domin haka suka gani a kundin wanda ya riga su. Wanda ya yi wannan ya ba da shaidar zur a kan uwarsa da ubansa. Ɗan gari yana da abin da Polly Hill ba ta da shi: ya san harshe har ƙasansa, ya san wace tambaya ake yi wa tsohuwa da wadda ba a yi. Yana kuma da makantar da baƙo ba shi da ita. Yakan ɗauka ya riga ya san amsa, yakan tsallake gidan da ba sa ga maciji da nasu, yakan ji nauyin rubuta cewa kawunsa malami ne da ba ya zuwa aji sai ranar albashi. Muna so 'ya'yanmu su shiga wannan aiki, su kai matuƙa a cikinsa, maza da mata, musamman mata, gama akwai ɗakunan da namiji ba zai taɓa shiga ya ji gaskiya ba. Amma wanda gari ya yi wa karo-karo ya tafi, bashinsa biyu ne.

In baƙon nan ya sake zuwa da rani mai zuwa, a karɓe shi da ruwa da tabarma kamar yadda muka gada. Kafin ya buɗe jaka, dagaci ko shugaban kwamitin makaranta ya tambaye shi wa ya aiko shi, ina amsoshin za su tafi, wa zai ga sunaye, a wane wata kuma zai dawo ya karanta mana abin da ya samu. A rubuta amsarsa da adireshin sashen da ya fito. Ba kuwa sai mun jira shi ba kafin mu san halin makarantarmu. Littafin rubutu guda ya isa. Mutum biyu daga kwamiti, namiji da mace, su shiga kowane aji su ƙirga kawuna su gwada da rajista, su ƙirga malaman da suka zo su gwada da waɗanda aka turo: sau ɗaya a watan Fabrairu sa'ad da ba aikin gona, sau ɗaya a farkon Yuli, sau ɗaya a Nuwamba lokacin yankan dawa, ɗaya daga ciki kuma ya faɗo ranar kasuwa. A raba lissafin maza da na mata. Littafin ya zauna a hannun kwamiti, a karanta shi a taron iyaye na ƙarshen shekara.